Yadda Ake Tantance Alobera ta Daji da Gane Mai Dafi, Mataki-Mataki

Tun da alobera ta samu shiga a harkar gyaran fata da maganin gida, tambaya ɗaya ce ke ta dawowa daga masu karatu: an ga wani tsiro mai kaurin ganye a gindin dutse, ko an kawo shi tsaraba daga wata ƙasa, ko an saya a wajen masu sayar da furanni, shin alobera ce, kuma za a iya shafawa ko a sha? Yawanci hoton ganye guda ake turowa, wanda an riga an yanke shi. Ganye guda ba ya isa a yanke hukunci. Dangin alo, wato gidan tsirran da alobera ta fito, sun haura iri 500, kuma ɗaya ne tak a cikinsu ake kira Aloe vera, ita ce alobera ta gaskiya. Kaɗan daga cikin sauran suna ɗauke da wani sinadarin dafi da ake kira alkaloyid, mai tsayar da numfashi, sannan a dazukanmu akwai tsirran da ba alo ba ne sam, amma kaurin jikinsu yana ruɗin mutane, kuma dafinsu na iya makantarwa ko ya taɓa zuciya. Ga yadda ake bin aikin, kuma jerin yana da muhimmanci, kada a tsallake mataki.

Kayan aiki da abin da za a kashe

Safar hannu ta roba mai kauri, irin ta wanke-wanke, ta fi siririyar ta asibiti domin ƙaya na huda waccan nan take. Tabarau mai rufe ido har gefe, wanda ake samu a shagon kayan gini. Wuƙa mai kaifi da ba za ta sake komawa kicin ba. Farar takarda ko farin faranti, rula, tsofaffin jaridu, kwali, leda, biro da littafi, waya mai kyamara, sai jarkar ruwa mai tsabta da sabulu.

Duk waɗannan ba su da tsada, kuma rabinsu suna nan a gida. Inda kuɗi ke fita shi ne kuɗin mota zuwa wajen masana da kuɗin gwajin sinadari, wanda ya bambanta daga wuri zuwa wuri, don haka ku tambayi farashi kafin ku kama hanya. Idan za a rage wani abu, kada ya zama tabarau ko jarkar ruwa.

1. Ku fara da sanin inda tsiron ya fito

Kafin ku taɓa komai, ku rubuta wurin, ranar, da irin ƙasar: dutse ne, jigawa ce, ko fadama. Idan a tukunya kuka same shi, ku tambayi mai shi daga ina aka kawo. Wannan tambaya kaɗai tana rage rabin aiki, domin alo masu alkaloyid mai kisa suna da ƙasashensu. Aloe ballyi da Aloe elata na Kenya da Tanzaniya ne. Aloe ruspoliana tana fitowa a busassun yankunan Somaliya, Habasha da Kenya. Aloe globuligemma tana Zimbabuwe, Botswana da arewacin Afirka ta Kudu. Aloe sabaea kuwa ta duwatsun Yaman ce da kudu maso yammacin Saudiyya, abin da ya kamata 'yan'uwanmu mazauna can su sani. Akwai kuma wasu a Madagaska.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke fitowa da kanta a ƙasar Hausa. Alon dajinmu da aka fi sani ita ce Aloe buettneri, wadda ake kira zabuwa ko kabar giwa.

*Gargaɗi:* wannan ba lasisi ba ne. Tsiron ado yana tafiya a jakar matafiya, kuma mai sayarwa kan kira duk mai kaurin ganye alobera. Tsiron da ba a san asalinsa ba, a ɗauke shi a matsayin abin zargi har sai an tabbatar.

2. Ku dubi tsiron gaba ɗayansa, ku ɗauki hoto

Ku ja baya taku biyu ku kalli siffarsa. Yana da gangar jiki kamar bishiya, ko ganyen daga ƙasa yake tasowa? Shi kaɗai ne, ko ya yi 'ya'ya a gindi sun zama gungu? Ganyen a miƙe yake ko ya rusuna? Sannan ku matso ku ɗauki hotuna aƙalla biyar: tsiron duka, saman ganye, bayan ganye, gefen ganye inda haƙora suke, da fure ko busasshen karan fure idan akwai. Ku ajiye rula a gefe a kowane hoto don a san girma.

Manhajojin waya irin su PlantNet, iNaturalist da Google Lens suna taimakawa wajen ba da shawarar farko, musamman iNaturalist inda mutane masu ilimin tsirrai kan duba hoton su gyara. Amma alo na cikin tsirran da suka fi ba manhaja wahala, saboda suna barbara da juna, kuma launin ganyensu na sauyawa da rana da ƙishi. Kada sunan da waya ta bayar ya zama hujjar kai abu baki.

3. Ku cire waɗanda ba alo ba ne

A nan ne yawancin haɗarin ƙasarmu yake, don haka zan daɗe kaɗan.

Alo tana da ganye masu kauri da ke fitowa a zagaye daga tsakiya, da ƙananan haƙora a gefe, ruwanta kuma a cikin ganye take ajiye shi. Tinya da kerana ba haka suke ba: a kara suke ajiye ruwa, karan ne mai kauri da ƙaya, ganyen kuwa ko kaɗan ne a can sama ko babu. Aguwa da ake shinge da ita a gonaki danginsu ce. Dukansu 'yan gidan Euphorbia ne. Kariya, wato Adenium obesum, tana da kumburarren gindi da fure ja-ja mai kyau, shi ya sa ake dasa ta a gidaje. Karan masallaci kara ne mai kusurwa huɗu ba ganye. Moda tana da ganye mai tauri da zane-zane a kwance, ba haƙora a gefe, cikinta zare ne.

Wanda ya fi ruɗin mutane shi ne agabe, tsiron da ake samun zaren igiya daga wani irinsa. Daga nesa kamar alo yake. Bambancin yana bakin ganye: agabe na da ƙaya guda mai tsini da tauri a ƙarshen kowane ganye, kuma idan aka lanƙwasa ganyen ba ya karyewa da sauƙi saboda zaren ciki. Ganyen alo kuwa ɓallewa yake yi. Ruwan agabe yana sa ƙaiƙayi da ƙuraje masu zafi, kuma an sha shafa shi a fuska bisa kuskure. Kama da wane ba ta wane.

4. Ku yanka ku duba ruwan

Yanzu a sa safar hannu da tabarau. Ku tsaya ta yadda iska za ta riƙa kaɗawa daga bayanku. Ku yanki ganye guda daga na ƙasa, kusa da gindi, ku riƙe bakin yankan a kan farar takarda na ɗan lokaci.

Idan farin ruwa kamar nono ya fito, aiki ya ƙare a nan: ba alo ba ce. Babu alon da ke fitar da farin nono. Ku ajiye, ku wanke wuƙa da safar hannu da sabulu kafin ku cire tabarau. Nonon tinya na ɗauke da sinadarai masu ƙuna, ciki har da rezinifiratoksin, wanda yake aiki a kan jijiyar da barkono ke taɓawa amma da ƙarfin da ya ninka na barkono nesa ba kusa ba. Ɗigo guda a ido na iya yi wa baƙin ido rauni.

Idan alo ce, abu biyu za ku gani: ruwa rawaya ko ruwan ɗorawa da ke tsattsafowa daga ƙarƙashin bawo, da tsoka mai yauƙi garau a tsakiya. Ku bar ruwan ya bushe a kan takardar ku rubuta launin da ya koma, domin masana suna amfani da shi.

*Gargaɗi:* kada a ɗanɗana. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa. Mutane na cewa idan akwai ɗaci to magani ne. Alobera ta gaskiya na da ɗaci, mai dafi ma na da ɗaci, kariya ma haka. Harshe ba ya rabe su. Kuma kada a sosa ido, ko a ci goro, ko a ɗaga waya zuwa kunne da safar da ta taɓa ruwan.

5. Ku sansana, amma daga nesa

Ku riƙe yankakken ganyen kamar taƙi guda daga fuska, ku fifita iskar zuwa hanci da ɗaya hannun. Aloe vera tana da wari mara daɗi ɗan kaɗan, mai kama da na ɗanyen ganye da albasa. Alo masu alkaloyid kuwa zarnin ɓera suke yi, irin wanda ake ji idan aka buɗe rumbun da ɓeraye suka daɗe a ciki. A Kenya saboda wannan warin ne aka san Aloe ballyi. Wanda ya taɓa jin sa ba ya mantawa.

Idan kun ji wannan wari, ku tsaya. Ku sa ganyen a leda, ku rubuta "DAFI" a jiki da manyan baƙaƙe, ku nisanta shi da yara da dabbobi.

*Gargaɗi:* jin warin hujja ce ta haɗari, amma rashin jin sa ba hujjar lafiya ba ce. Yawan alkaloyid yana hawa da sauka bisa shekarun tsiro da yanayin shekara, mai mura ba zai ji ba, kuma tsohon yanka ya riga ya rasa warinsa.

6. Ku jira fure

Masana kansu ba sa sa hannu a kan sunan alo ba tare da fure ba. Idan babu gaggawa, kuma bai kamata a ce akwai ba, ku yi wa tsiron alama ku dawo lokacin hudarsa.

Aloe vera ba ta da gangar jiki, tana yawan 'ya'ya a gindi, ƙananan na da ɗigo-ɗigo fari da ke ɓacewa idan sun girma, furenta rawaya ne a kan dogon kara mai kai kusan santimita 90. Zabuwa ganyenta ya fi siriri, yakan bushe da rani ya sake tsirowa daga kumburarren gindi a ƙarƙashin ƙasa idan ruwa ya sauka. Aloe ballyi bishiya ce siririya mai kai mita shida ko fiye, busassun ganyenta na zubewa su bar gangar jiki fayau. Aloe sabaea ita ma tana da siririyar gangar jiki guda, da ganye masu rusunawa ƙasa. Aloe globuligemma tana rarrafe ta yi gungu, ganyenta shuɗi-shuɗi mai toka, furanninta a jere suke ta gefe ɗaya na reshe, kuma kafin su buɗe dunƙule suke.

Wadda na fi jin tsoronta ita ce Aloe ruspoliana, domin ita ce ta fi kama da abin da mutane ke nema: ƙasa-ƙasa take, tana yin gungu, furenta ma rawaya ne. Sai dai haƙoranta ƙanana ne ƙwarai, karan furenta kuma yana da rassa da yawa, furannin a cure a kan kowane reshe. Makiyaya a yankinta sun san ta da kashe kuraye. Tsiron da ke kashe kura ba abin gwaji ba ne a jikin ɗan Adam.

7. Ku san irin dafin da kuke tuhuma

Wannan matakin ne zai sa ku iya yi wa likita ko mai gwaji bayani mai amfani.

Alkaloyid sinadari ne na tsiro mai ɗauke da naitirojin, mafi yawansu masu ɗaci, kamar nikotin na taba da kwinin na maganin zazzaɓi. Waɗanda ke cikin alo masu dafi su ne gama-konisin da koniyin, irin waɗanda ke cikin hemlok, tsiron da aka shayar da Sokiratis a Atina a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa. A 1984 ne masu bincike a Ingila suka wallafa cewa wasu alo ma na ɗauke da su.  Gama-konisin shi tsiro ke fara ƙerawa kafin ya juya shi zuwa koniyin, kuma ya fi koniyin ɗin dafi. Ƙanƙantar ƙwayoyin waɗannan sinadarai ce ta sa suke tashi a iska har hanci ya ji su.

A jiki, suna zama ne a mahaɗar jijiya da tsoka, a gurbin da saƙon motsi ke sauka. Da farko suna zaburar da wurin: dalalar miyau, tashin zuciya, amai, karkarwa, bugun zuciya da sauri. Daga nan sai su toshe shi: ƙafafu su yi nauyi, kasala ta riƙa hawowa zuwa sama, har ta kai tsokar numfashi. Sau da yawa mutum na cikin hayyacinsa duk wannan na faruwa. Alamun kan fara cikin rabin awa zuwa 'yan awanni. A dabbobi masu ciki, an san irin waɗannan alkaloyid da haddasa haihuwar 'ya'ya masu karkatattun ƙafafu.

Sai a riƙe wannan da kyau: ba kowane dafin tsiro ne alkaloyid ba. Na tinya da kerana daitafin ne mai ƙona fata da ido. Na kariya, kamar na tumfafiya, gilaikosaid ne mai rikita bugun zuciya. Aloyin da ke cikin rawayen ruwan alo kuwa antirakwinon ne mai sa zawo. Gida huɗu ne daban, kowanne da gwajinsa.

8. Ku shirya samfuri ku kai wa masana

Wurin da ake tabbatar da sunan tsiro shi ne ɗakin adana samfurin tsirrai. Akwai a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, da cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Idu a Abuja, da cibiyar binciken gandun daji ta FRIN a Ibadan. A Nijar a tuntuɓi sashen tsirrai na Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai. A Kenya kuwa babban ɗakin yana gidan tarihi na ƙasa a Nairobi.

Abin da ya fi sauƙi shi ne a kai ɗanye: cikakken ganye ɗaya da reshen fure, a naɗe a jarida, a sa a kwali, a kai cikin kwana ɗaya ko biyu, tare da hotuna da bayanin mataki na 1. Idan tafiyar za ta ɗauki lokaci, a tsaga ganyen a tsaye, a kankare tsokar ciki, a shimfiɗa bawon tsakanin jaridu a danne da abu mai nauyi, a riƙa sauya jaridar kullum. Ganyen alo da aka danne ba tare da an kankare ba ruɓewa yake yi, kuma wanda aka ƙulle a leda a rana ya dahu kafin a isa. Ku nemi a rubuta muku sunan tsiron da lambar samfurin.

*Gargaɗi:* kada a tumɓuke tsiron duka, ganye da fure sun isa. Kuma ban da Aloe vera, duk alo suna ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan cinikin tsirrai da dabbobin daji, don haka tsallaka iyakar ƙasa da su ba takardar izini laifi ne.

9. Gwajin sinadari: abin da za ku nema

Idan akwai dalilin zuwa nan, misali dabbobi sun mutu ko ana son sarrafa tsiron don sayarwa, sashen nazarin magungunan tsirrai na tsangayar haɗa magunguna ne wurin zuwa. Gwajin farko mai araha ne: sinadarin Dragendorff yana ba da gudaji mai launin ruwan lemo idan akwai alkaloyid, na Mayer kuma fari-fari. Ku nemi a haɗa da gwajin Bornträger na antirakwinon da na Keller-Kiliani na gilaikosaid ɗin zuciya. Waɗannan suna nuna gidan da sinadarin ya fito ne kawai. Don a ce koniyin ne ko gama-konisin, sai an kai ga na'urar GC-MS mai tantance sinadarai ɗaya bayan ɗaya, kuma ita ce mai tsada.

Kurakurai biyu ake yi a nan. Na farko, kai busasshen gari da aka shanya a rana: tunda waɗannan alkaloyid suna tashi a iska, sakamakon na iya nuna kaɗan ko babu alhali ɗanyen tsiron cike yake. A kai ɗanye a cikin kula mai ƙanƙara, a kuma faɗa wa mai gwajin abin da ake tuhuma. Wannan ba ya nufin shanyawa ko tafasawa na mayar da tsiron abin sha, raguwa ba ƙarewa ba ce. Na biyu, karanta "babu alkaloyid" a matsayin "babu dafi". Tinya da kariya ba da alkaloyid suke illa ba, don haka wannan layin a takarda bai wanke su ba.

10. Ko da an tabbatar Aloe vera ce

Tsokar ciki ita ake amfani da ita, ba rawayen ruwan ba. A tsayar da ganyen a kofi, bakin yanka a ƙasa, na minti 10 zuwa 15 har ruwan ya tsiyaye, a fere bawon, a ɗauraye tsokar. A gwada a cikin dantse a jira kwana guda kafin a kai fuska. Rawayen ruwan yana murɗa ciki da zawo mai zubar da fotashiyam, shi ya sa hukumar FDA ta Amurka ta cire shi daga magungunan sassauta ciki da ake sayarwa ba takardar likita a 2002. Mai ciki, mai shayarwa, yara, mai ciwon ƙoda, da mai shan maganin zuciya na digoksin ko maganin fitsari na hawan jini, kada su sha.

11. Idan abin ya riga ya faru

Ido: a wanke nan take da ruwa mai tsabta yana gudana, minti 20 ba tsayawa, a buɗe fatar idon da yatsu masu tsabta, sannan a tafi asibitin ido ko da zafin ya lafa. Kada a ɗiga nono, ko zuma, ko kwalli. Fata: sabulu da ruwa mai yawa, a cire tufafin da ruwan ya taɓa.

Wanda ya sha: a kama hanyar asibiti tun kafin alamu su bayyana, a Najeriya ana iya kiran 112. Kada a sa shi amai da ƙarfi, kada a ɗura masa manja ko madara, domin idan maƙogwaro ya fara sanyi abin na iya faɗawa huhu. A kwantar da shi ta gefe, wani ya zauna yana lura da numfashinsa, idan ya tsaya a hura masa baki da baki har a isa. A nufi babban asibitin da ke da na'urar taimaka wa numfashi, domin koniyin ba shi da makari, kuma abin da ke ceton rai shi ne a riƙe numfashin har jiki ya fitar da dafin. Gawayin asibiti yana aiki idan an je da wuri, amma likita ne zai yanke shawarar ba da shi. A tafi da ragowar tsiron a leda, da hotunan, da lokacin da aka sha da kimanin yawan abin da aka sha. Idan kariya ake tuhuma, a faɗa da baki tun a ƙofa don a duba bugun zuciya. Dabbar da ta ci kuwa a kira likitan dabbobi, kuma kada a ci namanta ko a sha nononta sai ya ba da izini.